Bushiya Mai Gashin Baki

Yayana ya shigo shago da jakar takardunsa a hammata, ya dire ta a kan teburin marigayi, ya ce, "Auta, share hawayenki. Daga yau wannan wuri ya tashi daga shago, ya zama kamfani."

Ni kuwa ba kuka nake yi ba, injin buga riguna nake gogewa. Na ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Ɗauke jakar daga kan kwamfuta."

Shagon na maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Shi ke zane, shi ke magana da masu kawo aiki, ni kuma ina daga ciki, in shimfiɗa riga, in ɗora zane, in danna inji. Da ya rasu sai mutane suka ɗauka da sana'ar aka binne shi. Su zo su yi mini gaisuwa da ledar aiki a hannu, su fita su kai ta wani shagon. Har na yanke wa kaina hukunci. Aiki ɗaya ya rage mini a gaba, in ya lalace, in sayar da injin in rufe ƙofa.

Shi kuwa Yaya, duk layinmu Lauya ake ce masa. Ba karatun shari'a ya yi ba. Wani lauya ne ya taɓa ɗaukarsa direba, ya kuma sallame shi ranar da ya tare alƙali a wurin ajiye motoci yana ba shi shawara. Tun daga lokacin yake cewa doka ta ƙeya ta shige shi, domin duk wayar da maigidansa ya yi a kujerar baya, shi ya fara ji. Jakar nan kuwa na taɓa leƙa ta. Tsohuwar jarida ce a ciki, da cajar waya, da cokali.

Muna cikin haka mai aikin da nake jira ta iso. Malama muke ce mata, matashiya ce mai koya wa samari da 'yan mata rubuta manhajar kwamfuta. Ƙungiyarsu za ta yi babban taro, ta sa aka shigo da kwalaye cike da fararen riguna. Ta miƙo mini waya. Wata 'yar bushiya ce a ciki, dunƙulalliya, mai manyan idanu, tana murmushi kamar an yi mata albishir.

"Harshen kwamfutar da muke aiki da shi, wannan ce alamarsa," in ji ta. "Duk inda masu amfani da shi suka taru za ki gan ta. Wata baiwar Allah ce ta zana ta, ta kuma sake wa duniya. Lasisinta ya ce kowa ya buga, ya sayar ma in yana so. Ki dai rubuta sunanta a ƙasan hoton, ga shi nan na turo miki. Anti, marigayi bai taɓa ba ni kunya ba, shi ya sa na dawo nan."

Na ce, "In Allah ya yarda ni ma ba zan ba ki ba."

Ta ciro katinta, Yaya ya cafe shi tun bai iso hannuna ba. Ya raka ta har mota yana cewa, "Kada ki damu, sashen shari'a na kamfani zai duba komai." Da ya dawo sai ya tura ƙofa, ya rage murya.

"Kin ji tarko?"

"Wane tarko?"

"Auta, Auta. Wa ya taɓa ba ki abu kyauta a duniyar nan? Ruwa ba ya tsami banza. In kika rubuta sunan matar nan a riga, rigar ta wace ce?"

"Ta Malama."

"A doka nake tambayarki. Riga ta mai suna ce. To in riga tata ce, injin da ya buga rigar fa? Shagon da injin ke ciki fa? Wata rana kina zaune za ki ga mata ta shigo da akwati ta ce ki matsa mata."

"Yaya, suna kawai aka ce."

"Da suna ake farawa. Ni da kunnena na ji a mota: in ka canza abu a wuri bakwai, ya fita daga hannun mai shi, ya zama naka halak malak. Mu canza bushiyar nan ta zama tamu. Mu buga ta a kofi, a lema, a jakar makaranta. Duk wanda zai zana ta, ko a ƙasa ne da tsinke, sai ya zo ya durƙusa a gaban wannan teburin ya nemi izini."

Na ce ban yarda ba. Ya ce ai shi ya sa ba a ba ƙanne shugabancin kamfani.

Da yake bai san inda ake kunna kwamfutar marigayi ba, sai ya kira Mai Fenti, maƙwabcinmu mai rubuta allunan shaguna. Mutum ne marar hayaniya, amma in ya yi maka shiru, to ka binciki kanka. Ya zauna a benci da farin kwali a gwiwa, ya kwafi bushiyar tsaf.

"Daga ina za mu fara, Barista?"

"Ba ta da kwarjini. Sa mata gashin baki."

"Wane iri?"

"Irin na manyan mutane."

Mai Fenti ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon Yaya. Sannan ya sunkuya ya zana gashin baki mai kauri, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Yaya ya ɗauki kwalin ya tsallaka titi wurin Mai Aski don gwaji. Ina jiyo su daga ƙofa.

"Tsakaninka da Allah, me ka gani?"

"Bushiya."

"Duba da kyau."

"Bushiya mai gashin baki."

Ya dawo yana huci. Aka sa mata tabarau. Mai Aski ya ce bushiya ce mai ciwon ido. Aka sa mata tumbi, wai alamar kamfani mai rufin asiri. Tela, wadda shagonta ke jikin nawa, ta leƙo da allura a baki ta ce, "Ayya, ciki ne da ita? Allah ya raba lafiya."

"Ƙayar nan ce ke tona mana asiri," in ji Yaya. "Rage ta."

"Daga ina?"

"Daga tsakiyar kai."

Mai Fenti ya sake ɗaga ido, ya dubi tsakiyar kan Yaya inda fitilar shago ke ƙyalli, ya share ƙaya ya bar fili. Kafin yamma bushiya ta samu naktai, ta samu jaka a hammata, ta samu wushirya, kuma duk abin da za a ƙara sai Mai Fenti ya ɗago ya ɗauki awo daga mai tsaye a gabansa. Yaya ya ƙirga canje-canjen ya samu shida, ya sake ƙirgawa ya samu takwas, ya ce a buɗa mata kunnuwa don kada a bar wa abokan gaba ƙofa.

Wannan karon rabin layin ne ya taru. Mai Aski ya riƙe kwalin, ya dubi zanen, ya dubi Yaya, ya sake duban zanen.

"Wallahi yanzu kam ba bushiya ba ce."

"Alhamdu lillahi!"

"Amma kamar na san shi. Kamar ya taɓa zama a kujerata yana koya mini riƙon almakashi."

Tela ta cusa mayafi a baki ta koma shago da gudu. Ina jiyo ta ta bango tana tari.

Yaya ya ce shaidar maƙwabci ba ta da ƙarfi a kotu, sai an samu baƙo. Ya tare wani bawan Allah da ke wucewa da keke, ya ɗaga masa kwalin a gefen fuskarsa. Mutumin ya sauke ƙafa ɗaya, ya duba, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Yallaɓai. Wace kujera kake nema?"

"Ka ga dabba a nan?"

"Haba Yallaɓai, ni ba na zagin 'yan takara."

"Kun ji ko?" in ji Yaya. "Bai ga dabba ba. Shari'a ta ƙare."

Na ja shi gefe na ce, "Yaya, ka dubi madubi yau kuwa?"

"Da safe. Lafiya lau."

"Abin nan fa da kai yake kama."

Ya riƙe kwalin nesa, ya karkata kai. "Kwarjinin ne ya ruɗe ki. Masu kwarjini duk kama suke yi da juna."

Na ce to ni dai ba zan taɓa rigar mutane ba sai Malama ta yarda. Ya ciro katinta, ya kira, ya buɗe murya kowa na ji. Hayaniya ce a bayanta, da alama tana tsakiyar shirin taro.

"Malama, sashen shari'a ne. Tambaya ɗaya. An yarda a yi wa dabbar nan 'yan gyare-gyare?"

"E, an yarda, lasisin ya ba da dama, in dai..."

"Madalla." Ya kashe.

Na ce, "In dai me?"

"In dai an yi da kyau. Me kuma zai biyo baya?"

Na kira ta da wayata daga baya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Taro ya matso, riguna suna kwali, kuma da kunnena na ji ta ce an yarda. Na ɗauki hoton zanen na sa a kwamfuta, na rubuta sunan mai bushiyar a ƙasa kamar yadda aka ce. Yaya ya dafa kafaɗata.

"Tsaya. Matar nan ita ta zana wannan tumbin?"

"A'a."

"Sanƙon fa?"

"A'a."

"To in kika sa sunanta a ƙasa, me kika yi mata? Ƙazafi! Da shi kaɗai za ta iya ɗaure ki."

Na dubi abin da ke kan allon kwamfuta. Gaskiya ni ma da ni ce, ba zan so a ga sunana a ƙarƙashinsa ba. Na goge. Ya tsaya a kaina yana faɗa ina rubutawa: "Haƙƙin mallakar Lauya. Duk wanda ya kwaikwaya zai gamu da fushin doka."

Na kunna inji. Duk rigar da na ɗaga, sai in ga Yaya yana kallona da wushirya. Bugun dai ya fita tas, ko silin gashin baki ɗaya bai ɓace ba. Wannan ne ma ya fi ba ni haushi.

Da a nan ya tsaya da da sauƙi. Sai ya ji wai a irin wannan taro akan samu mai shiga cikin rigar dabbar yana ɗaga wa mutane hannu. Ya ce damar talla ce, kuma ba zai bar wa ɗan haya ba. Ya kwaso tsohuwar katifa da bargo ruwan ƙasa ya kai wa Tela. Ya tattaro tsintsiyoyi ya zauna a ƙofar shago yana fiƙe tsinkayen ɗaya bayan ɗaya. Tela ta ɗinka gangar jiki, ta soka tsinkayen a baya. Mai Fenti ya haɗa kai da kwali da soso, ƙato kamar kwandon wanki. Ban taɓa ganin maƙwabtana sun yi wa wani aiki da zuciya ɗaya haka ba.

Wurin gwaji Tela ta ce, "Barista, bari in buɗe maka 'yar kafa a wuya, ka riƙa shan iska."

"Don a leƙa a ga yadda aka haɗa shi a je a kwaikwaya? Rufe ruf."

"Zafi fa?"

"Ni da na yi zaman mota a rana ina jiran a tashi daga kotu? Ɗinke, Hajiya."

Ta ɗinke.

Ranar taro tun daga shago ya shiga cikin rigar dabbar. A nan aka gano abin da bai zo wa kowa a rai ba: mai ƙaya a baya ba ya zama. Mai tasi na farko ya dube shi, ya dubi kujerunsa, ya ja mota. Na biyu ko tsayawa bai yi ba. Sai a bayan a-kori-kura muka ɗora shi a tsaye tare da kwalaye, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, jaka a ɗaya hammatar. Duk inda danja ta tsayar da mu sai masu babur su kewaye motar. Wani ya leƙo ta taga ya ce mini, "Hajiya, asibitin dabbobi a baya kuka baro shi." Yaya ya amsa daga cikin kan, murya kamar daga rijiya, "Na ɗauki lambarka! Za mu haɗu a kotu!"

Mun makara. A ƙofar zauren an yi ado da balan-balan, an lanƙwasa su sun zagaye ƙofar. Na ce, "Yaya, bi ta ƙofar gefe." Ya ce shugaban kamfani ba ya bi ta gefe. Ya sa kai.

Tas! Tas! Tatatas!

Mai gadi ya yar da sandarsa ya shige ƙarƙashin tebur. Yaya ya juya zai ba shi haƙuri, ƙaya ta kama mayafin wata mata. Ya juya zai ba ta haƙuri, ƙaya ta kama zanen teburin shayi. Kofuna da cokula suka bi shi har tsakiyar zaure kamar 'yan rakiya.

Cikin wannan rikici ɗaliban Malama suka kwashe kwalayen suka hau rabo, don jama'a sun gaji da jira. Kafin ita ta fito daga bayan dandamali, rabin zauren ya ɗora riga a kan kayansa. Aka fara ƙus-ƙus. Wani ya ce, "Kai, bushiyarmu ta tsufa." Wani ya ce ritaya ta yi.

Malama ta nufo ni da riga a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

"Anti, mene ne wannan?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Ina bushiyarmu? Ina sunan da na turo miki? Kin ga dattijuwar can a layin gaba, mai sanda? Ita ce ta zana ta. Musamman muka gayyato ta don mu karrama ta yau."

Na ji tsintsiya tana kaɗawa a bayana. Ƙaton kan ya sunkuyo saitin kunnena. "Auta, ki ce hayata kika yi. Ba ki san ni ba."

"Sashen shari'a fa?"

"Yau ba ya aiki."

Ya fara ja da baya a hankali yana neman ƙofa. Sai mai gabatarwa, wanda bai san dawan garin ba, ya hango shi ya ce a makirufo, "Jama'a, ga dabbarmu ta iso! A tafa mata!" Samari suka kewaye shi, suna tura shi da tsinin yatsa ta wurin da babu ƙaya, har kan dandamali.

Dattijuwar ta nemi a ba ta riga ɗaya. Ta gyara tabarau, ta daɗe tana dubawa, ta karanta rubutun ƙasa tana motsa baki. Aka miƙa mata makirufo.

"Wane ne Lauya?"

Dabba ta ɗaga kafaɗa. Sannan ta nuna ƙofa, wai yanzun nan ya fita.

"To ke bushiya, matso in gan ki."

Fitilun dandamali suna dukan katifa. Ga bargo, ga soso, ga tsoro, babu kafar iska. Na ga ƙaton kan ya fara layi. Na ƙwala ihu, "Ku cire masa kan, zai suma!" Samari biyu suka kama kunnuwan suka ja, ya ƙi. Na uku ya riƙe naktai, suka ƙara ja. Fuf!

Aka cire kai mai sanƙo da tabarau da karkataccen gashin baki. Sai ga wani kan a ciki, mai sanƙo da tabarau da karkataccen gashin baki, ƙarami dai, sharkaf da gumi, yana zuƙar iska ta wushirya.

Kowa ya sunkuya ya dubi ƙirjinsa, ya ɗago ya dubi dandamali. Daga nan ban san wa ya fara ba. Na dai ga wani ya zamo daga kujera yana dukan ƙasa. Mai gadi da ya fito daga ƙarƙashin tebur ya koma ciki. Dattijuwa ta cire tabarau tana share ido da bayan hannu.

Amma Yaya Yaya ne. Yana samun numfashi ya fizgi makirufon mai gabatarwa.

"Hajiya, kafin ki kira lauyoyinki, ki sani wuri bakwai na canza. Har da ƙari."

"Na gani, ɗana. Ka sha aiki. Amma ko wuri saba'in ka canza, ai daga tawa ka fara."

"Ba za ki samu shagon ba!"

"Wane shago?"

"Da injin!"

"Ni da jakata ma sai an riƙe mini, ina zan kai inji? Abu biyu kawai na roƙa. A rubuta sunana. Sannan wanda ya gyara ta, ya sake tasa ga jama'a kamar yadda ya samu tawa. Lasisin ke nan gaba ɗaya."

"A sake ta ga wa?"

"Ga kowa. Kowa ya buga wannan taka, ya sayar in ya ga dama, in dai ya rubuta sunana da naka."

"Zan ɗaukaka ƙara."

"Wa ya kai ka ƙara, bawan Allah?"

Ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya gyara jaka a hammata. "To, shi ke nan. Na yafe."

Malama ta ce babu mai fita da riga ɗauke da wannan gargaɗi. Aka kawo alƙalami mai baƙin da ba ya wankuwa, jama'a suka cire rigunan suka yi layi. Yaya yana tsaye, tunda har yanzu ba ya iya zama, yana soke "fushin doka" yana rubuta sunan dattijuwa a ƙasan tumbinsa. Duk wanda layi ya zo kansa sai ya ce a yi hoto, ya ɗaga rigar a gefen fuskar Yaya. Tun yana ƙi har ya fara cewa, "Tsaya in gyara gashin baki."

Na je na durƙusa gaban dattijuwa na ce, "Mama, ni na buga. Ki yi haƙuri."

Ta murza zanen da yatsa, ta ja rigar ta gani ko zai tsage. "Hannunki yana da kyau. Wancan yayanki ne?"

"E, Mama."

"Allah ya ba ki lada."

Malama kuwa ko sallama ba ta yi mini ba.

Washegari na buɗe shago ne kawai don in kira mai sayen inji. Ina zaune ina laluben lambarsa, Mai Aski ya yi sallama da waya a hannu. Ashe 'yan taron sun watsa hotunan, duk layin ya gani, har da maganar dattijuwa.

"Hajiya, da gaske yanzu na kowa ne?"

"Haka aka ce. In dai ka rubuta sunayen."

"To buga mini babba, wanda zai cika ƙofa. Gefe ɗaya shi, a rubuta 'Kafin'. Ɗaya gefen ga hoton wani kyakkyawan saurayi, a rubuta 'Bayan'."

Bai fita ba mai kemis ya shigo, yana son tumbin a tallan maganin kumburin ciki. Mai sayar da tabarau ya aiko ɗan saƙo. Tela ta ce a buga mata shi a ledojin da take sa wa mutane ɗinki, ba don komai ba, don in ta makara wa mutum ya gani ya huce. Da tsakar rana sai ga Malama, fuska a ɗaure. Ta ce waɗanda ba su samu riga ba sun hana ta sakat, har na nesa suna ta kira. Tana son ainihin bushiya, kamar yadda mai ita ta zana, kuma tana son mai gashin bakin, da sunaye biyu a ƙasa.

"Amma Anti, wannan karon da ke zan yi magana. Ba da sashen shari'a ba."

Na ce, "Ai an rufe shi."

Ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, abin ya ƙi. Muka yi ta dariya har na dafa bango. Na juya wajen teburin marigayi zan ce masa zo ka ji, sai na tuna. Na goge ido da bakin mayafi, na je na kunna inji.

Ranar da Mai Aski ya rataye allonsa, Yaya ya faɗo shago kamar an jeho shi. Na miƙe na fara haɗa kalmomin ba da haƙuri.

"Auta, kin ga abin da aka yi mini a ƙofar wancan mutumin?"

"Yaya, ka yi haƙuri, lasisin ne ya..."

"Lasisin nake magana! Doka ta ce a rubuta sunana. Kin ga sunan kuwa? Kamar sawun tururuwa! Sai mutum ya tsallaka titi ya ɗora hanci kafin ya san wanda ya ƙirƙira. Ki sake bugawa, ki ƙara masa girma."

"Ka tabbata?"

"Ni za ki koya wa doka?"

Na sake bugawa. LAUYA, kowane baƙi ya fi tafin hannu, daga bakin titi ana karantawa. Da aka rataye sabon, ya je ya tsaya a ƙofar Mai Aski da jaka a hammata, yana tare masu wucewa yana nuna musu. "Aikina ne. Har daga nesa ana nema. Kyauta na bar wa talakawa."

Mai Aski ya leƙo da almakashi a hannu. "Barista, don Allah ɗan matsa hagu. Nan gefen 'Bayan' ne, kana tsorata mini masu shigowa."

Yaya ya gyara naktai, ya taka a hankali ya tsaya daidai ƙarƙashin "Kafin", ya ɗaga kai ya duba.

"Nan ma ya fi haske," in ji shi.